Gidan shingil a ƙauyen bakin teku: ƙaramin Cape ko babban salon Newport, sannan wane katako?

Yayana ne ya jawo wannan dogon rubutun. Allah ya hore masa ɗan fili a wani ƙauye na gaɓar teku a jihar Massachusetts ta Amurka, irin ƙauyukan nan da duk inda ka waiga gidajen sunyi toka-toka saboda an lulluɓe bangonsu da shingil, toh yaje wajen mai zanen gini an zana masa gida kala biyu, shine ya turo min hotunan tsakar dare wai in zaɓa masa ɗaya tunda na taɓa bin kafintoci aiki a wancan yankin. Nace masa Yaya wannan ba maganar tsaye bace, ka bari in zauna in rubuta, in yaso duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan ruɗanin shima ya ƙaru.

Ga wanda bai san shingil ba, wasu ƙananan fallayen katako ne da ake yankawa da zarto, gindinsu da kauri kansu siriri, ana jerasu layi-layi daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasansa kamar ɓawon kifi, ruwa in ya sauko sai ya gangara daga wannan zuwa wancan har ya faɗi ƙasa. Yanada ɗan'uwa da suke kira shek, shi tsaga shi ake ba yankawa ba, yafi kauri da kaushi, amma ba shi muke magana ba yau.

Zanen farko ƙaramin gida ne mai kusurwa huɗu, hawa ɗaya da rabi, ƙofa a tsakiya, taga biyu dama biyu hagu, rufi mai tsini, bututun hayaƙi a tsakiyar rufin. Wannan shine Cape. Na biyun kuwa masha Allah, baranda ta zagayo gefe biyu, ga wata ƴar hasumiya mai zagaye a kusurwa, ga tagogin rufi uku kowacce da fasalinta, rufin ya karye nan ya lanƙwasa can, wato dai salon da Amurkawa ke kira Shingle Style. Yaya ya riga ya mutu akan na biyun, naji a muryarsa, amincewa kawai yake nema a wajena. Ni kuma bazan bashi ita haka kawai ba.

Dole a fara da sanin wa aka ginawa kowanne, domin anan amsar take ɓoye. Cape gidan masunta ne da manoma. Turawan Ingila da suka zauna a wannan gaɓar tun daga 1620 sun tarar da iska mai ƙarfi da sanyi da dusar ƙanƙara, sai suka riƙa gina gida gajere wanda ya lafe da ƙasa, silin ɗinsa ƙasa-ƙasa don ɗumi ya zauna, murhu ɗaya a tsakiya yana ɗumama duk ɗakunan, rufin kuma da gangara sosai don ƙanƙara ta zame. Sunan Cape ɗin ma shugaban jami'ar Yale ne, Timothy Dwight, ya rubuta shi bayan ya zaga yankin Cape Cod dake gaɓar Massachusetts a 1800. Abinda ke burgeni da shi shine gida ne da ake ginawa daidai aljihu: akwai rabin Cape mai ƙofa a gefe da taga biyu, akwai mai taga biyu a gefe ɗaya ɗaya a ɗayan, akwai cikakke, iyali na ƙaruwa ana ƙara gida. Ɗan'uwan Cape shine gidan da rufin baya ke zarcewa ƙasa yafi na gaba tsawo, irin gidan Jethro Coffin na 1686 dake tsibirin Nantucket, wanda har yau yana tsaye. Daga baya wani mai zane na Boston, Royal Barry Wills, ya dawo da yayin Cape tun shekarun 1930, sannan a 1947 aka fara buga dubbansu a Levittown dake Long Island, shiyasa wasu ke masa kallon gidan talaka.

Shi kuwa na biyun labarinsa daban ne. Bayan bikin cikar Amurka shekara 100 a 1876, masu kuɗin Boston da Niyok suka fara marmarin tsofaffin gidajen kakanninsu masu shingil, amma ba irin girman na kakannin suke so ba, sai masu zane irinsu H. H. Richardson da William Ralph Emerson da kamfanin McKim, Mead & White suka ɗauki fatar tsohon gida suka ɗora akan ƙaton gida. Jeka Newport a jihar Rhode Island kaga gidan Isaac Bell da aka gina tsakanin 1881 da 1883, baranda hawa biyu mai zagaye, shingil an yanka shi fasali-fasali, ciki kuma wani makeken falo da ɗakuna ke buɗewa a cikinsa. Ko gidan William G. Low na garin Bristol da aka gama a 1887, wanda gaba ɗayansa rufi ɗaya ne mai faɗi ya shimfiɗe kamar tsuntsu ya buɗe fiffike, shi kam an rushe shi a 1962 sai hoto. Haka gidan Kragsyde na garin Manchester-by-the-Sea, an rushe shi a 1929. Sunan salon ma ba a lokacinsa aka raɗa ba, wani malamin tarihin gine-gine na Yale, Vincent Scully, shi ya yaɗa shi a 1955. Abinda nakeso Yaya ya riƙe shine waɗannan gidajen hutun bazara ne, a kan manyan filaye masu kallon teku, da ƴan aiki cike da gida, yawancinsu in sanyi ya shigo a kulle a koma birni.

Toh yanzu ɗauko wannan ka dasa a filin ƙauye wanda maƙwabci na hagu ke jin tarinka. Nan ne matsalar. Kyawun babban salon yana cikin tsawonsa, rufin yana buƙatar wuri ya miƙe, ido yana buƙatar ka ja baya ka kalle shi daga nesa, in ka matse shi a fili mai faɗin ƙafa 50 ko 60 bayan an cire tazarar da doka tace a bari ta gaba da gefe da baya, abinda zai rage maka shine hasumiya da baranda da tagogi sun taru suna ture juna a fuskar gida guda, kamar yaro ya saka babbar rigar babansa. Naga irinsu da yawa, daga nesa ka gane sabon zuwa ne. Cape kuwa dama a irin wannan layin aka haife shi, in ka tsaya a bakin titi zakaga tsayin rufinsa da faɗin tagoginsa sun zo ɗaya da na maƙwabta, shekara biyar in bangon ya rine babu mai cewa ba tun can yake ba. In da filin Yaya eka biyu ne a kan tudu yana kallon ruwa da wallahi wata maganar zan yi daban.

Sai kuɗi, kuma bazan kira adadi ba saboda farashi na canzawa daga gari zuwa gari, amma hanyar da kuɗin ke bi ɗaya ce ko'ina. Gida mai kusurwa huɗu tushensa miƙaƙƙe ne, rafta duk tsayi ɗaya, kafinta ya yanka ɗaya ya kwafi sauran. Duk kusurwar da ka ƙara kuwa ka ƙara tushe, ka ƙara kwari a rufi inda gangara biyu ke haɗuwa, ka ƙara kwanon da ake shimfiɗawa a mahaɗar, ka ƙara kwanakin aiki. Hasumiya mai zagaye ita ce uwa uba, domin shingil mai faɗi baya kwanciya a bango mai lanƙwasa, sai an tsaga shi siri-siri an gyara gefen kowanne da hannu, mutum biyu su kwana biyu akan abinda a miƙaƙƙen bango wuni ɗaya ne. Kuma ba ranar gini kaɗai zaka biya ba. Ruwa baya shiga gida ta tsakiyar bango, ta mahaɗa yake shiga, gindin tagar rufi, inda baranda ta manne da bango, bayan bututun hayaƙi, kasan sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ƙirga mahaɗun rufi a zanen biyu, na farko baifi uku ba, na biyu na gaji na bari.

Amma kar ace na zama ɗan kamashon Cape, yanada nasa aibin kuma manya ne. Saman benensa cikin rufi yake, bango ya taso ɗan gajere sai silin ya kwanto, dogon mutum sai ya riƙa sunkuyo a gefen gado, wadrob baya tsayuwa ko'ina sai tsakiya. Lokacin zafi ɗakunan saman nan tanda ne in ba'a saka abin tare zafi da kyau ba, lokacin sanyi kuma ɗumin da ke sulalewa ta rufin yana narkar da ƙanƙarar sama, ruwan ya gangaro bakin rufi inda yake da sanyi ya sake daskarewa ya zama madatsa, sai ruwa ya taru a bayanta ya koma ƙarƙashin rufi ya ɓullo a silin, wannan ciwon gidajen Cape sun shahara da shi. Tagoginsa ƙanana ne, ciki da ɗan duhu. Matakalar tsofaffin kuwa kamar tsani, ko da yake dokar gini ta yanzu bazata bari ka maimaita ta ba, wanda ke nufin matakala zata ci maka fili fiye da yadda ta ci wa mutanen da. Sannan babu baranda a asalinsa, masunta basu da lokacin zama kallon titi. Duk waɗannan babban salon ya fishi: haske, iska, falo a buɗe, wajen zama a inuwa. Wanda keda ƴaƴa biyar da baƙi kullum in yace Cape ya masa kaɗan ban ga laifinsa ba.

Shiyasa abinda na faɗawa Yaya ba wai ɗauki na farko ka jefar da na biyu bane. Nace ka bar fuskar titi ta zama Cape tsantsa, sai ka ɓoye buƙatunka a baya, dama haka mutanen da suke yi. A rufin baya a ɗaga doguwar tagar rufi guda ɗaya mai shimfiɗaɗɗen rufi, daga wannan gefe zuwa wancan saura ƙafa biyu-biyu, nan take ɗakunan sama sun samu tsayuwa da haske, kuma mahaɗa biyu kawai ka ƙara. A ja wani reshe ta baya ya zama kicin da falon iyali mai manyan tagogi yana kallon lambu. In har yanzu sama tayi kaɗan akwai rufi mai karya biyu, wanda gangararsa ta ƙasa ta kusa miƙewa tsaye ta sama kuma ta kwanta, suna ce masa gambrel, shi yana baka kusan cikakken bene alhali daga waje gidan bai yi tsawo ba, kuma abin daɗin shine duka salon biyu sun yarda da shi, tsofaffin gidajen ƙauye nada shi, manyan gidajen 1880 ma nada shi. Daga babban salon kuma ka aro abubuwan da basa cin fili: baranda da aka ƙwaƙule a cikin jikin gidan ƙarƙashin rufi ɗaya maimakon a manna ta daga waje, layukan shingil na ƙasa su ɗan buɗe kamar bakin siket su jefar da ruwa nesa da tushe, kusurwa kuma a saƙa ta. Wannan ta kusurwa zaɓi ne na kanta fa, ko a buga farin katako a tsaye shingil ya tsaya a jikinsa, wanda yafi sauri kuma shine na yawancin tsofaffin gidajen ƙauye, ko a saƙa shingil ɗin ya zagaye kusurwar, wannan layi na dama ya rufe na hagu, na gaba na hagu ya rufe na dama, gidan ya zama kamar an naɗe shi da zane ɗaya. Saƙar tafi kyau a idona, tafi cin lokaci, kuma tana tona asirin kafintan da bai iya ba.

Kafin ma a kai ga wannan duka, a leƙa ofishin gari. Ƙauyukan nan da yawa suna ƙarƙashin kwamitin kula da unguwannin tarihi, Nantucket tun 1955 takeda nata kuma yanzu ya game tsibirin duka, arewacin Cape Cod ta hanyar 6A akwai na Old King's Highway tun 1973, kuma waɗannan mutanen suna duba komai da ake gani daga titi, tsayin rufi, fasalin taga, kalar fenti, har irin abinda ka rufe bango da shi. Zanen da yayi kama da maƙwabtansa yana wucewa da sauƙi, mai hasumiya sai an zauna an sake zama, kowane zama kuma mai zane na caji. In filin yana cikin taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, za'a ce ka ɗaga daɓen gidan sama, kaga Cape da aka sani a lafe da ƙasa sai ya koma kamar ya hau kujera, wannan sai mai zane ya san yadda zai ɓoye tsayin da matakala da shuke-shuke.

Toh an gama da siffa, saura fata, kuma nan ne mutane ke yin kuskuren da basa gani sai bayan shekara uku. Katakon da aka sani biyu ne, farin sida da jan sida, sida kuwa bishiya ce da Turawa ke kira cedar. Farin daga jihar Maine da Quebec da New Brunswick na Kanada yake zuwa, yawanci tsawonsa inci 16, ana barin inci 5 a waje, kaga kowane wuri a bangon ninki uku kenan. Shine ke bada wannan tokar mai sheƙin azurfa da ake gani a gidajen bakin teku, rana da iskar gishiri ne ke rina shi ba fenti ba. Aibinsa bishiyar ƙarama ce, fallayen basu da faɗi, kuma yafi saurin lanƙwashewa da tsagewa musamman a bangon kudu da rana ke duka. Daraja-daraja ne, na ɗaya babu ƙulli ko ɗaya, na biyu babu ƙulli a ɓangaren da ake gani, na ƙasa dasu kuma a barwa rumbun ajiye kaya. Jan sida daga can yamma yake, British Columbia da jihohin Washington da Oregon, bishiyoyi manya, ana samunsa inci 16 da 18 da 24, lamba ɗayansa mai shuɗiyar takarda a jikin dami zuciyar itace ce zalla kuma an yanka ta yadda zaren katakon ke tsaye, shiyasa baya motsi sosai, yafi farin daɗewa da kwanciya lafiya, yafi shi tsada kuma. Amma ga inda gizo ke saƙar: in ka barshi ba komai baya yin tokar azurfa, duhu yake yi, wani wurin ruwan ƙasa wani wurin kusan baƙi, ƙarƙashin rufi ja, inda ruwa ke duka baƙi, dabbare-dabbare. Ga babban gida mai tushen dutse wannan duhun ado ne, da yawa daga gidajen 1880 ma da gangan aka shafa musu launi mai duhu. Ga ƙaramin Cape a layin da kowa toka ne kuwa sai ya zama baƙin rago cikin garke. Don haka in toka kake so a bango farin sida, in duhu da faɗi da daɗewa kake so ja. Kuma farin ma in ƙauyen yana can cikin daji nesa da gishiri, a inuwar bishiyoyi, fumfuna zata iya baƙanta shi, toh anan sai a sayi wanda aka tsoma a ruwan launi tun daga masana'anta, gaba da baya da gefe, yafi wanda za'a shafa da buroshi bayan an buga.

Akwai kuma na kwaikwayo, kuma ban raina su ba. Na siminti, irin wanda kamfanin James Hardie ke yi, siminti ne da yashi da zaren itace, baya cin wuta, baya ruɓewa, ƙwari basa cinsa, fenti na daɗewa a jikinsa. Sai dai kullum a fente yake, bazai taɓa tsufa yayi toka da kansa ba, ranar da aka buga shi haka zai zauna har fentin ya gaji, yanada nauyi, in ana yankansa ƙurarsa na cutar da huhu dole a saka takunkumi, kuma tunda yawanci a dogayen faifai yake zuwa in ka ƙura ido zakaga zanen na maimaita kansa. Saƙar kusurwa da bango mai zagaye kuwa ba nasa bane. Na roba shi baya son komai sai wanki, amma zafi na miƙar da shi sanyi na tsuke shi, shiyasa rataya shi ake ba'a danne ƙusa, in murhun gashi ya matso kusa ya narke, har hasken rana da ke dawowa daga gilashin tagar maƙwabci an sha ganin ya lanƙwasa shi. Daga cikin mota da gudu yana kama da na gaske, in ka tako da ƙafa ka tsaya a ƙofa asiri ya tonu, gidan ƙauye kuma a ƙafa ake ganinsa, tsakaninsa da masu wucewa taku goma ne. A unguwar tarihi ma da wuya kwamiti ya yarda. Wanda yasan bazai taɓa kula da bango ba, ko gidansa na yankin da gobarar daji ke ci, ya ɗauki na siminti hankalinsa kwance, amma yasan gidan fenti ya gina.

Rufi maganarsa daban ce da bango, kar a haɗa. Bango a tsaye yake ruwa na wucewa, rufi shi ke shan dukan rana da ruwa da ganye, saboda haka shingil ɗin da zai shekara aru-aru a bangon arewa a rufi rabin hakan ma da ƙyar. In za'a yi na katako toh jan sida lamba ɗaya ko sidan Alaska mai ruwan ɗorawa, wanda shi yana yin toka, kuma gangarar kar ta gaza inci 3 a kowane 12, Cape dai ya wuce nan nesa amma doguwar tagar rufin bayan nan da na bada shawara rufinta a kwance yake, a auna ta. Sannan wuta. Gobarar Bel Air a Los Angeles ta 1961 ta cinye gidaje sama da 480 kuma rufin katako na cikin abinda ya taimaka mata tsallake daga gida zuwa gida, shiyasa a wurare da dama an hana shi ko an ce sai wanda aka ɗura wa maganin hana kama wuta, kamfanonin inshora ma wasu na ƙara kuɗi wasu su ƙi gaba ɗaya, a tambaye su kafin a yi oda ba bayan an buga ba. Ni a nan bana jin kunyar cewa a saka shingil na kwalta mai launin toka mai duhu, shine akan yawancin gidajen ƙauyukan yau, ba mai ɗaga kai ya zarge ka, kuɗin da ya ragu a zuba a tagogi masu kyau, irin masu hawa da sauka da ƙananan gilasai shida sama shida ƙasa, waɗanda sandunansu ke waje da gilashin suna yin inuwa, ba waɗanda aka cusa farar roba tsakanin gilashi biyu ba. Taga mara kyau tafi rufin kwalta ɓata gida sau goma.

Ko wane katako aka ɗauka, rabin rayuwarsa a hannun mai bugawa take, saboda haka ga abinda nace Yaya ya sa a rubuce cikin yarjejeniya. Ƙusa biyu kacal a kowane falle komai faɗinsa, a buga ta inda layin sama zai rufe ta, kanta ya zauna daidai fuskar katako kar ya nutse, masu bindigar ƙusa na yawan nutsar da ita. Ƙusar ta zama sitenlas, wato ƙarfen da baya tsatsa, kusa da teku lamba 316, domin sida musamman ja yanada wani ruwa a jikinsa da in ya haɗu da baƙin ƙarfe sai kaga baƙaƙen hawaye suna gangarowa daga kowace ƙusa, kuma baya wankuwa. A bar ɗan tsaga tsakanin falle da falle don in ya sha ruwa ya kumbura ya samu wurin motsi, tsagar wannan layi kuma ta kauce wa ta layin ƙasa da aƙalla inci ɗaya da rabi. Layin ƙarshe na ƙasa ya nisanci turɓaya da inci 6 ko fiye. Mafi muhimmanci kuma wanda ba'a gani, a bar iska a bayansa. Tsofaffin gidaje iska na ratsa su ta ko'ina shiyasa katakonsu ke bushewa, gidan yanzu a toshe yake ruf, in ka manna shingil kai tsaye a kan takardar tare ruwa da ake lulluɓe bango da ita bayansa zai zauna a jiƙe gabansa a bushe, sai ya lanƙwashe ya ruɓe da wuri, maganin shine wata tabarmar raga siririya ko siraran katakai da ake sakawa tsakani. Na taɓa aiki a wani gida da mai kwangila ya tsallake wannan don ya rage kwana ɗaya, ba'a fi shekara shida ba muka dawo muna ɓamɓare bangon gabas gaba ɗaya.

Akwai wata alama da nake gane kafintan kirki da ita tun kafin ya buga falle ɗaya, zakaga ya ɗauko doguwar sanda ya zana layukan duka a jikinta, yana ɗan ƙara ko rage kwatan inci a kowane layi don gindin wani layin ya faɗo daidai saman taga wani kuma daidai ƙasanta, ba'a yanko wani ɗan guntu an liƙa ba. Wanda ya fara bugawa daga ƙasa yana cewa in munje taga ma gani, a sallame shi tun da safe.

Yaya dai har yanzu hasumiyar na ransa, jiya ma ya sake turo min hotonta da alamar tambaya. Nace masa ya sa a buga masa allo biyu ƙafa huɗu-huɗu, ɗaya farin sida ɗaya ja, ya jingine su a filin suna kallon kudu, tunda takardun izini ma zasu ɗauki watanni, kafin a zo odar katako ya ga da idonsa kalar da kowanne ya fara komawa. Sannan ranar Asabar ya taka layinsu da ƙafa daga farko har ƙarshe ya ƙirgo min gidaje nawa ne keda hasumiya.